Paparoma Adriyan Na Shida: Makiyayin Da Ya Amsa Laifin Gidansa

Karatu: Nehemiya 1:4-11, Daniyel 9:3-10, 1 Bitrus 4:17

Ka taɓa zama a taron dattawan ikkilisiya sa'ad da wani abin kunya ya ɓulla? Kuɗin baiko sun ɓace, ko kuwa wani babba ya faɗi cikin zunubi, mutanen gari kuma sun riga sun ji. Ka tuna da abin da aka fara faɗa a wurin. Wani ya ce a binne maganar kada sunan ikkilisiya ya ɓaci. Wani ya ce aikin maƙiya ne. Da wuya ka ji wanda zai miƙe ya ce laifin daga wurinmu shugabanni ya faro. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yau za mu dubi rayuwar wani mutum wanda ya hau kujera mafi girma a ikkilisiyar Turai ta zamaninsa, ya kuwa sunkuya ya dubi tudun da yake tsaye a kai. Sunansa Adriyan na Shida. An zaɓe shi Paparoma a shekara ta 1522, ya rasu a 1523. Ko kai ɗan Katolika ne ko ɗan wata ɗarika, ka karanta labarinsa a natse, gama akwai abin da zai taɓa gidanka da ikkilisiyarka a ciki.

Ɗan kafinta

An haifi Adriyan ran 2 ga Maris 1459 a birnin Utrek, cikin ƙasar da muke kira Holan a yau. Mahaifinsa kafinta ne, ya kuma rasu yaron yana da shekara 10. A yankin nasu akwai wata ƙungiya ta masu bi da ke koya wa yara karatu tare da rayuwa mai sauƙi, da addu'a, da binciken zuciya kowace rana. Cikin wannan tarbiyya Adriyan ya tashi, bai kuwa rabu da ita ba har mutuwarsa.

A 1476 ya shiga jami'ar Luben, a ƙasar Beljiyam ta yanzu. A can ya zauna shekaru masu yawa, daga ɗalibi ya zama malami. An keɓe shi firist a 1490, ya sami digirin dakta na tauhidi a 1491, daga baya har ya shugabanci jami'ar. Ɗalibai suka san shi da ƙwazo da kamun kai. Mashahurin masanin nan Irasmus yana cikin waɗanda suka saurari koyarwarsa.

Da a ce nufinsa kaɗai za a bi, da a aji zai ƙare kwanakinsa. Amma a 1507 babban sarki Maksimiliyan ya ɗauke shi ya zama malamin jikansa, yaro ɗan shekara 7 mai suna Sharl. Wannan yaro ne daga baya ya zama Sharl na Biyar, sarkin Sifen kuma babban sarki bisa sarakunan Jamus. A 1515 aka aiki Adriyan zuwa Sifen domin ya tabbatar wa Sharl gadon sarautar ƙasar. A 1516 ya zama bishop na Tortosa. A 1517 Paparoma Liyo na Goma ya naɗa shi kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan dattawan da ke ba Paparoma shawara, su ne kuma ke zaɓen sabo. Sa'ad da Sharl ya tashi zuwa Jamus a 1520, sai ya bar wa malaminsa riƙon ƙasar Sifen, a daidai lokacin da biranen Kastil suka yi tawaye.

Duk da wannan girma, zuciyarsa tana gida. Ya sa a gina masa gida a Utrek inda zai yi hutun tsufa. Gidan yana nan har yau, mutanen garin suna ce da shi Gidan Paparoma. Adriyan bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Kujerar da bai nema ba

Domin ka gane nauyin da ya faɗo masa, sai ka san halin da Roma take ciki. Liyo na Goma, ɗan gidan attajiran Medici na birnin Filorens, mutum ne mai son biki da farauta da gine-gine da kyauta. Ya kashe dukiyar fadar, ya kuma ci bashi mai yawa. Domin a sami kuɗi, aka riƙa sayar da muƙaman fada, har yawansu ya wuce 2,000. Wanda ya sayi muƙami kuwa, a jikin jama'a yake fanshe kuɗinsa. Mutum ɗaya yakan riƙe ikkilisiyoyi da dama yana karɓar kuɗinsu, ba ya ko leƙa su. Ana kuma sayar da takardun da ake cewa suna rage horon zunubi, domin a gina babbar majami'ar Bitrus a Roma.

Cinikin takardun nan ne ya tayar da Martin Luta a Jamus a 1517. A 1521 aka fitar da shi daga ikkilisiyar Roma, a wannan shekara kuma ya tsaya gaban Sharl a birnin Worms ya ƙi janye koyarwarsa. Daga gabas, Sarkin Turkawa Sulaiman ya ci birnin Belgired. Sarkin Faransa da Sharl kuwa suna yaƙi da juna a kan ƙasar Italiya.

Liyo ya rasu ran 1 ga Disamba 1521. Kadinal 39 suka kulle kansu domin zaɓe, suka rabu, waɗansu na bayan Faransa, waɗansu na bayan Sharl. Da suka kasa daidaitawa, sai aka kawo sunan wani dattijo da ba ya wurin, wanda yawancinsu ba su taɓa gani ba. Ran 9 ga Janairu 1522 suka zaɓi Adriyan. Da mutanen Roma suka ji an ba baƙo kujerar, suka bi kadinal-kadinal da ihu da zagi a kan hanya.

Labari ya iske shi a garin Bitoriya na Sifen. Bai yi murna ba. Ya karɓa ne domin yana tsoron ƙin kiran Allah, yana kuma tsoron kada ƙinsa ya tsaga ikkilisiya. Bai sake suna ba yadda aka saba, ya riƙe sunan baftismarsa. Ya bi ta teku zuwa Italiya ba tare da ya tsaya ganin Sharl ba, domin kada a ɗauka shi yaron sarki ne. Ya isa Roma a ƙarshen Agusta, aka naɗa shi ran 31 ga watan, yana da shekara 63.

Baƙo a fada

Ya tarar da baitulmali wayam, har an ba da kayan fada jingina, ga kuma annoba a gari. Da cutar ta yi tsanani, manya da yawa suka gudu daga birnin. Shi ya zauna.

Washegarin naɗinsa ya tara kadinal-kadinal ya gaya musu abu biyu da ke zuciyarsa, wato gyaran ikkilisiya, da sulhunta sarakunan Kirista. Ya kuma faɗa musu cewa daga kansu gyaran zai fara. Ya fara da nasa gidan. Ya sallami mawaƙa da 'yan wasa da tarin barorin da Liyo ya tara. Wata tsohuwa 'yar ƙasarsu ce ke dafa masa abinci mai sauƙi. Yakan tashi tun da asuba ya yi addu'a, yana yin sujadar Jibin Ubangiji kowace rana, abin da ya ba mutanen fada mamaki. Ya ƙi azurta danginsa da dukiyar ikkilisiya. Ya ƙi ba kowa muƙami sai ya bincika halinsa, domin a ganinsa ikkilisiya ake nema wa makiyayi nagari, ba mutum ake nema wa abin ci ba.

Kana tsammani an gode masa? Waɗanda suka sayi muƙamai suka ga jarinsu zai nutse. Masu zane da marubuta suka rasa mai ba su aiki. Aka riƙa liƙa waƙoƙin zambo a kan titi, ana ce da shi marowaci, baƙauye, maƙiyin Italiya. Ba ya jin Italiyanci, sai Latin. Mutane kaɗan 'yan ƙasarsu ne kaɗai ya amince da su. Ya kuma gano cewa in ya soke sayar da muƙamai gaba ɗaya, fadar ba ta da abin da za ta mayar wa waɗanda suka saya. Kowace ƙofar gyara da ya taɓa, sai ya iske cikin wani a bayanta.

Takardar Nurembag

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muke tunawa da shi. Sarakunan Jamus suka taru a birnin Nurembag, batun Luta yana cikin abin da za su tattauna. Adriyan ya aiki jakadansa Faranciska Kiyeregati da umarni a rubuce, mai kwanan wata 25 ga Nuwamba 1522. Ran 3 ga Janairu 1523 jakadan ya karanta shi gaban majalisar.

A ciki Paparoma ya amsa cewa Allah ya bar wahalar nan ta auko wa ikkilisiya saboda zunuban mutane, musamman na firistoci da manyan shugabanni. Ya amsa cewa shekaru da dama ana aikata abubuwan ƙyama a fadar Roma kanta, ana wasa da abubuwa masu tsarki, ana karya dokoki. Ya kwatanta abin da cuta wadda ta faro daga kai ta sauko ga gaɓoɓi, daga Paparoma zuwa na ƙasa da shi. Bai ware kansa ba, ya sa kansa cikin waɗanda suka kauce. Ya yi alkawari zai fara gyara daga fadar, tun da daga can cutar ta fito. Ya kuma roƙi a yi haƙuri, gama cutar ta daɗe, ba za ta warke dare ɗaya ba.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Adriyan bai sayi muƙami ba, bai sayar ba. Sa'ad da ake yin ɓarnar yana Luben da Sifen. Yana da hujjar da zai ce waɗanda suka riga shi ne suka yi. Kuma a gaban masu neman abin da za su kama Roma da shi aka karanta takardar. Duk da haka ya ɗauki laifin gidan a matsayin nasa.

Haka Nehemiya ya yi. Yana can Shushan a fadar Sarkin Farisa, bawan Allah ne mai aminci, amma da ya ji halin da Urushalima take ciki, ya yi kuka, ya yi azumi, ya hurta zunubin Isra'ila yana haɗawa da kansa da gidan ubansa. Daniyel ma, wanda maƙiyansa suka bincike shi ba su sami aibu ba, da ya durƙusa yin addu'a sai ya sa kansa cikin masu laifi. Manzo Bitrus kuma ya koya mana cewa daga gidan Allah shari'a take farawa. Wanda yake ƙaunar jama'ar Allah ba ya tsayawa a gefe yana nuna su da yatsa.

Me ya biyo baya? Sarakunan Jamus suka ce tun da Roma ta amsa laifinta, ba za su iya hukunta Luta ba, kada talakawa su tayar. Suka kawo jerin koke-kokensu, suka nemi a kira babban taron ikkilisiya a ƙasar Jamus. Mutanen Luta suka ɗauki takardar ta zama musu shaida. Mutanen fadar Roma kuwa suka ga ya tona musu asiri gaban abokan gaba. Ya faɗi gaskiya, ya rasa ɓangarorin biyu.

Inda ya kasa

Ya mai karatu, ba za mu shafa masa mai ba, gama Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye kasawar Dawuda ko Bitrus ba. A Sifen Adriyan ya shugabanci kotun binciken bangaskiya, wadda ta tsananta wa mutane da yawa, musamman waɗanda suka fito daga zuriyar Yahudawa. A 1519 ya goyi bayan malaman Luben sa'ad da suka hukunta koyarwar Luta. Takardar Nurembag ɗin nan da ta amsa laifi, ita ce kuma ta bukaci a hukunta Luta. Ya ga ɓarnar hali sarai, amma bai buɗe kunne ga tambayar da ake yi a kan yadda mai zunubi yake samun kuɓuta a gaban Allah ba, ko ta wurin ayyukansa, ko ta wurin alheri da bangaskiya ga Almasihu. A kwanakinsa ne, ran 1 ga Yuli 1523, aka ƙone waɗansu 'yan zuhudu biyu a birnin Burusel saboda sun riƙe koyarwar Luta. Mutum yana iya yin gaskiya a kan zunubi ɗaya, ya makance a kan wani. Wannan gargaɗi ne gare mu duka.

Akwai kasawa ta biyu. Ya so ya ɗauki jinka da hannu ɗaya. Akwai masu tsoron Allah a Italiya da ke marmarin gyara, amma bai iya jawo su kusa ba. Ya gayyaci Irasmus ya zo Roma, Irasmus bai zo ba. Yakan yi jinkirin yanke shawara, fuskarsa kuma ba ta sakewa. Nehemiya ya raba aikin garu ga iyalai, kowa ya gyara wurin da ke daura da gidansa, aka gama cikin kwana 52. Adriyan yana da tuban Nehemiya, bai sami ma'aikatan Nehemiya ba.

Ƙarshen tafiya

Burinsa na sulhu ma ya rushe. Sarki Sulaiman ya kewaye tsibirin Rodos wata shida. Adriyan ya roƙi sarakunan Turai su bar faɗa da juna su kai taimako, ba wanda ya motsa, tsibirin ya faɗi a Disamba 1522. Ya yi ƙoƙarin tsayawa tsakani a rikicin Faransa da Sharl, sai ya gano cewa wani kadinal da ya amince da shi, mai suna Soderini, yana ƙulla makirci da Faransa a ɓoye. Ya sa aka tsare shi. A farkon Agusta 1523, mutumin da ya zo neman salama ya shiga ƙawancen yaƙi tare da Sharl.

Zafin Roma da baƙin ciki suka kwantar da shi. Kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa ya naɗa kadinal guda, amininsa Enkeboyet, shi kaɗai ya naɗa a dukan mulkinsa. Ya rasu ran 14 ga Satumba 1523 yana da shekara 64. Daga zaɓensa zuwa mutuwarsa wata 20 ne. An ba da labari cewa waɗansu 'yan birni sun rataye furanni a ƙofar likitansa, suna yi masa kirarin mai ceton ƙasa. Kabarinsa yana cikin majami'ar Santa Mariya del Anima a Roma, rubutun da ke kansa kuwa yana makokin yadda zamanin da mutum ya faɗo ciki yake iya daƙile ƙoƙarin nagari. Bayansa aka yi shekara 455 ba a sake zaɓen wanda ba ɗan Italiya ba, sai a 1978 da aka zaɓi Yohanna Bulus na Biyu daga Folan.

Waɗanda suka yi murnar mutuwarsa suka mayar da gidan Medici kan kujera. Shekara 4 bayan haka, a 1527, sojojin Sharl suka afka wa Roma suka washe ta, aka kashe dubban mutane. A 1545 aka buɗe babban taron Tirento, wanda ya ƙare a 1563. Taron ya umarci bishop-bishop su zauna tare da garkensu, ya hana tara ikkilisiyoyi a hannun mutum ɗaya, ya soke aikin masu yawon tara kuɗi da takardun gafara, ya sa a kafa makarantun horar da firistoci. Abubuwa da dama da Adriyan ya yi kuka a kai, bayan shekara 40 aka mai da su doka. Ran 12 ga Maris 2000 kuma Yohanna Bulus na Biyu ya tsaya a majami'ar Bitrus ya roƙi gafarar Allah saboda zunuban 'ya'yan ikkilisiya. Adriyan bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saura kai

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, Allah ya ba ka wata kujera, ko da ƙarama ce. Wataƙila kai fasto ne, ko dattijo, ko ma'aji, ko shugabar zumuntar mata, ko mai gida. In abu ya lalace a hannunka, daga ina kake fara neman laifi? In ɗanka ya bar sujada, ka tambayi kanka abin da ya gani a gida? In matasa suna barin ikkilisiya, dattawa sun taɓa zama su bincika yadda suke riƙon kuɗin baiko, da yadda suke hora talaka su kau da kai ga mai kuɗi?

Muna tsoron cewa in muka amsa laifi, waɗanda ba su ba da gaskiya ba za su yi mana dariya. Gaskiya ne, za su iya yi, an yi wa Adriyan. Amma maƙwabtanmu sun riga sun san abin da muke ɓoyewa. Abin da ba su saba gani ba shi ne shugaba ya tuba a fili ya kuma mayar da abin da aka ci. Manzo Yahaya ya tabbatar mana a 1 Yahaya 1:9 cewa hurta zunubi ne ƙofar gafara da tsarkakewa. Ubangiji Yesu kuma ya ce a fara cire gungumen da ke idon kai kafin a taɓa ɗan hakin da ke idon ɗan'uwa, kamar yadda yake a Matiyu 7:3-5.

In ka tashi gyara, kada ka tafi kai kaɗai. Nemi mutum biyu ko uku masu tsoron Allah ku yi addu'a tare, ku raba aikin. Ka bar kunnenka a buɗe ga mai sukarka, ko da bakinsa da kaifi, wataƙila ya ga abin da ba ka gani ba. Kada kuma ka auna amincinka da tafin mutane. Bisa ga 1 Korintiyawa 4:2, aminci ake nema a wurin mai riƙon amana. Girbin yana hannun Ubangiji, wataƙila sai bayan ranka.

Fiye da kome, ka dubi Yesu. Adriyan ya amsa laifin gidansa, amma bai iya kawar da shi ba, gama shi ma mai zunubi ne. Almasihu wanda bai yi zunubi ba ya ɗauki namu a jikinsa a kan gicciye, ya biya, ya tashi daga matattu. Saboda shi ne za ka iya buɗe baki ka amsa laifi ba tare da tsoron hallaka ba. Akwai wani laifi a gidanka ko a ikkilisiyarka da ka daɗe kana ɗora wa wani? Kada rana ta faɗi yau ba ka kai shi gaban Allah ba, sa'an nan ka je wurin wanda ya kamata ya ji daga bakinka.

Mu yi addu'a

Ya Uba na sama, mun daɗe muna hangen laifin waɗansu muna tsaye a kan namu. Ka gafarta mana, mu da gidajenmu da ikkilisiyoyinmu. Ka ba shugabanninmu ƙarfin hali su faɗi gaskiya ko da za ta jawo musu raini. Ka ba mu abokan aiki masu tsoronka, ka buɗe idanunmu ga abin da ba mu gani ba tukuna. Ka riƙe mu da aminci ko ba mu ga amfanin wahalarmu ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.